An ba ni yara 'yan ƙasa da 14 in horar har ƙarshen kaka, ta ina zan fara?

Tambayar daga wani matashi ce a Kano. Ya ce manyan unguwarsu sun damƙa masa kulob ɗin yara 'yan ƙasa da shekara 14, su ashirin da biyu. Filinsu na makarantar firamare ne, ƙwallo uku gare su, kuma an sa su a gasar lig ta unguwanni da za a fara nan da wata ɗaya da rabi, a yi ta bugawa har shigowar zafi. Shi ya taka leda, amma bai taɓa koyarwa ba. Yana so a gaya masa yadda zai tsara kakar daga farko har ƙarshe, ya kuma rufe da cewa burinsa ya ɗauko kofi don kada ya ba waɗanda suka yarda da shi kunya.

Ƙanena, Allah Ya taya ka riƙo. Zan bi maka kakar daki-daki, amma bari in fara da maganarka ta ƙarshe, maganar kofi, domin ita ce za ta fi ba ka wahala.

Ga yadda abin yake zuwa. Za ku buga wasa huɗu ko biyar, a ci ku biyu a ciki. Kulob ɗin da suka ci ku, kai da idonka ka ga 'yan bayansu sun ɗara yaranka da kai guda, murya ta buɗe, ƙwabri duk gashi. Sai wani cikin masu taimaka muku da kuɗin ruwa ya ja ka gefe bayan Magariba ya ce, “Koci, akwai wasu yara biyu a unguwar can, in ka sa su an gama. Kowa ma haka yake yi.” Kuma gaskiya ya faɗa, da yawa haka suke yi. In ba ka yanke shawara tun yau ba, ran nan ba za ka iya cewa a'a ba, don zuciyarka tana ƙuna, mai maganar kuma shi ya ɗinka muku jesi. Saboda haka kafin a taɓa ƙwallo, ka tara manyan da suka ba ka aikin ka gaya musu a fili: yaran da aka rubuta su ne za su buga kakar nan, ba ɗan haya, ba rage shekara, ko da za a ci mu. In sun amince, ka sami abin da za ka tuna musu da shi ranar da hankali ya tashi. In ba su amince ba, gara ka sani tun yanzu.

Ba tsoron kamu ya sa nake faɗa maka haka ba, a gasar unguwa babu mai na'urar duba ƙashi. Na san wanda ke biyan bashin ne. Duk ɗan shekara 17 da ka saka, akwai ɗan 13 na gaskiya da ya koma benci, kuma yawanci shi ne wanda bai taɓa fashin tirenin ba. Zai zauna mako uku yana kallo, na huɗu ba za ka gan shi ba. Shi ma babban da ka saka ka cuce shi, domin da ƙarfi yake ture ƙanana yana ci, bai koyi komai ba, ranar da ya haɗu da sa'anninsa sai a ga ba shi da wasa. Ƙasar nan ta ga illar abin a mataki na sama. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa, wanda yanzu ake kira na 'yan ƙasa da 17, sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kamo ta. A 2009, a gasar da aka yi a nan gida, FIFA ta fara duba ƙashin wuyan hannu da na'urar ɗaukar hoto ta MRI don tantance shekarun 'yan wasa. A 2016, ana dab da wasan neman gurbi da Nijar, yara 26 a sansanin Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, suka faɗi gwajin aka sallame su, Nijar kuwa ta fitar da Najeriya, alhali Najeriyar ce ke riƙe da kofin duniya. Na'urar ba ta rasa kuskure, akwai yaron da ƙashinsa ke saurin haɗewa. Amma kowa a harkar nan ya san ba a Abuja ake fara rage wa yaro shekara ba, a fili irin naka ake farawa.

Tabbatar da shekaru a unguwa ba shi da wuya. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce gaba. In babu, katin rigakafi na asibiti, ko takardar sakamakon makaranta mai nuna ajin yaro. Takardar rantsuwa ta kotu da aka yo makon jiya kada ka ba ta nauyi. In ka yi kokwanto, ka sa a tambayo mahaifiyarsa. Iyaye mata sun san wa da wa aka yi wa suna a wata ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga aikin makon farko, wanda ba a fili ake yin sa ba. Ka sayi littafi mai bango mai kauri, ka bi gidajen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ka yi sallama da mahaifin kowa ko wanda yake riƙonsa. Ka gaya masa ranakun tirenin, ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, ka karɓi lambar wayarsa ka ba shi taka. Ka tambaye shi ko yaron yana da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, ko ya taɓa suma yana gudu, ko an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a dangi. Yaro ba zai gaya maka waɗannan ba, tsoro yake kada ka cire shi. Sannan ka yi wa uban alkawari biyu ka kuma cika: ƙwallo ba za ta ci lokacin boko da Islamiyya ba, kuma kiran sallar Magariba ba zai sami ɗansa a fili ba. Uban da ka je ƙofar gidansa ka gaishe shi, ko ransa ya ɓaci wata rana, kai zai kira ya yi wa magana. Wanda ba ka je ba, hana yaron zuwa kawai zai yi, kuma ranar babban wasa zai hana.

Ka je wurin hedimasta ka nemi izinin filin a rubuce, ka sanar da mai unguwa. Ka samo mataimaki, baligi mai hankali wanda iyaye suka sani, ku riƙa zama ku biyu a kowane tirenin da kowace tafiya. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki, kada yaro ya kwana a wurinka. Wannan kariya ce gare su, kariya ce gare ka. Kuɗi kuma kada su zauna a aljihunka. A sami ma'aji daban, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma kada a taɓa ajiye yaro a benci don bai kawo kuɗin mako ba.

Daga nan ka ɗauko kalanda. Ka sa alama a makonnin jarrabawar ƙarshen zango, da hutun makaranta, da lokacin da hunturu ke tsananta daga Disamba zuwa Fabrairu, da zafin Maris zuwa Mayu, da watan azumi da sallah, waɗanda ke matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara. Abin da ya rage shi ne ainihin kakarka, kuma za ka ga ta fi yadda kake zato gajarta. Tirenin uku a mako ya isa, kowanne awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, to yammacin waɗannan ranakun naka ne, ka ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi, wadda babu wasa a cikinta.

Yanzu tirenin ɗin kansa, a nan zan ɗan daɗe. Abin da kusan duk sabon koci ke yi shi ne abin da aka yi masa: zagaye fili goma, tsallen kwaɗo, sannan a jera yara ashirin a layi ɗaya kowa yana jiran a turo masa ƙwallo ya buga raga, a ƙarshe a raba sha ɗaya sha ɗaya. Ka lissafa sau nawa ƙaramin yaro ya taɓa ƙwallo a irin wannan yammacin, za ka ji tausayinsa. Ɗan shekara 13 ba numfashi ne matsalarsa ba, yaron da ke yini yana zirga-zirga a unguwa yana da numfashi. Matsalarsa tarar ƙwallo, da ba da ita, da sanin inda zai tsaya in ba ta wurinsa. Waɗannan kuwa ba sa samuwa sai da yawan taɓawa.

Ƙwallo ukun nan naka sun ishe ka farawa. Ka cika robobin ruwa da yashi su zama alamarka, ka ja layi da toka. Ka yanka filin gida uku, kowanne taku talatin a tsaye, ashirin a kwance, da 'yar ƙaramar raga mai faɗin taku biyu a kowane gefe. Fili biyu a buga huɗu da huɗu, na uku a buga uku da uku. Yaranka ashirin da biyu ke nan cif, babu mai tsayuwa. Kowane wasa minti huɗu, ka busa usur, waɗanda suka ci su matsa filin gaba, waɗanda aka ci su koma baya. Cikin rabin awa sun yi gudun da ya fi zagaye goma, kuma da ƙwallo a ƙafa suka yi shi. Abin da kake so su koya kuma, maimakon dogon bayani, sai ka mayar da shi doka. In kana son a yi amfani da ƙafar hagu, ka ce cin hagu biyu ne. In kana son fasin, ka ce ba ci sai ƙwallo ta bi ta ƙafa uku. In kana son su riƙa ƙwato ƙwallo da wuri, ka ce wanda ya ƙwace cikin daƙiƙa biyar da rasa ta ya ci, cinsa uku ne. Za ka ga sun gano dabarar da kansu, abin da yaro ya gano da kansa kuwa ba ya mantawa ranar wasa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka dage a kai tun makon farko har na ƙarshe: waiwaye kafin ƙwallo ta iso. Ka jera yara uku a layi, tsakaninsu taku goma goma. Na farko ya turo wa na tsakiya. Ƙwallo tana tafe, na bayan ya ɗaga yatsu, biyu ko huɗu ko nawa ya ga dama. Dole na tsakiya ya waiga, ya faɗi adadin da ƙarfi, sannan ya tare ya juya ya ba da. Ranar farko za ka ga ƙwallo tana wuce su ta tsakanin ƙafa, ko su tare da kyau amma ba su ga yatsun ba. Bayan wata biyu, a tsakiyar wasa, za ka ga wani ɗan siririn yaro ya waiga kafaɗarsa, ya ga mutum na tahowa, ya bar ƙwallon ta wuce shi ya bi ta ɗaya gefen. Duk kakar babu abin da zai faranta maka rai kamar wannan.

Kuɗin farko da suka shigo, ƙwallo za ka ƙara, ba sabuwar jesi ba. Ka tambayi masu shirya gasar lambar ƙwallon da za a buga da ita. A Ingila har 'yan ƙasa da 14 lamba 4 suke bugawa, don lamba 5 ta yi wa ƙafar yaro nauyi, amma in gasar da lamba 5 za a yi, sai ku saba da ita. Bayan ƙwallo sai abin kare ƙwabri, wanda dokar wasa ta wajabta. Takalmi na gwanjo ya wadatar, in dai ya yi daidai da ƙafa.

Ɗumama jiki kuma kada ya zama wasa. FIFA tana da tsari na minti ashirin mai suna 11+, na gudu da tsayuwa a ƙafa ɗaya da koyon dira bayan tsalle, akwai kuma na ƙananan yara 'yan 7 zuwa 13. Ba ya buƙatar kayan aiki, bidiyonsa yana intanet kyauta. An gwada shi a kan matasan lig ɗin yara na Legas, aka buga sakamakon a 2014: ƙungiyoyin da suka yi shi raunin da suka samu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. A fili irin namu aka gwada, ba a ciyawar Turai ba.

Maganar wa zai buga ina, kada ka yi gaggawa. A wannan shekarun za ka ga yara biyu da aka haifa wata ɗaya, ɗaya ya fara zama saurayi, ɗaya kamar ɗan aji huɗu. Al'adarmu dogo a tura shi baya, mai gudu a tura shi gefe, mai ƙiba a ba shi raga, ƙarami a ce ya jira baɗi. Nan da shekara uku duk wannan lissafin zai rushe, ƙaramin zai miƙe, kuma shi ne ya koyi wasa da kai don ba shi da ƙarfin ture kowa. A wata biyun farko kowane yaro ya ɗanɗana wuri biyu ko uku. Gola kuma ka sami biyu masu son ragar da kansu, ka ba su minti goma sha biyar nasu a kowane tirenin, sauran lokacin su shiga cikin 'yan wasa su koyi ƙafa. Tsarin tsayuwa ka zaɓi ɗaya mai sauƙi, 4-3-3 ko 4-4-2, ka zauna a kai. Abin da kake gani a gidan kallo na fara wasa daga gola da gajeren fasin yana da kyau su koya, amma ka dubi filinka. In ƙasa ce mai tsakuwa da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, ka koya musu yaushe ake fasin, yaushe ake cirewa, kada ka mayar da abin addini.

Ranar wasa, dokar da na fi so ka riƙe ita ce ta lokaci: duk yaron da ya zo tirenin a makon, zai buga. A taron masu shirya gasa ka nemi a yarda da canji da yawa, mafi kyau ma wanda aka cire ya iya komawa, kuma rabi kada ya wuce minti 30 zuwa 35. In sun ƙi, sai ka riƙa juya waɗanda ke farawa, ka kuma haɗa wasan sada zumunta a tsakiyar mako don waɗanda ba su samu ba. Ka riƙa rubuta mintin kowa a littafinka. Ƙwaƙwalwa tana yaudarar koci, za ka rantse wane yana bugawa, ka duba littafi ka ga rabonsa da fili wata guda. Wannan dokar za ta sa ka rasa maki a wasu wasannin, ban ɓoye maka ba. Amma a watan huɗu, lokacin da zazzaɓi da jarrabawa da tafiya ƙauye suka kwashe maka mutum biyar a mako ɗaya, kai kana da yara ashirin da suka saba da wasa, abokin karawarka yana da sha ɗaya da 'yan kallo.

A bakin fili ka rage magana. “Buga! Cire! Ba shi!” duk yanke wa yaro shawara ne, ran da bai ji muryarka ba sai ya tsaya. Ka yi magana da wanda ba ya riƙe da ƙwallo, shi ne yake da kunnen ji. In an tafi hutun rabin lokaci, ka bar su su sha ruwa su huce, ka tambaye su me suka gani, sannan ka faɗi abu biyu, kada ka wuce biyu. In an ci ku, a gaisa da abokan wasa, a tafi gida, gyara sai tirenin na gaba. Kada ka zagi yaro, balle ka ambaci iyayensa, kada ka ɗaga masa hannu. Hukuncin makara ko rashin kunya shi ne benci, kuma kowa ya san dokar tun farko, har gwanin cikinsu. Ranar da ka ajiye gwaninka don ya yi fashi ba dalili, ranar sauran za su yarda da kai. Alƙalin wasa zai yi kuskure, wani lokaci ma fiye da kuskure. Yadda ka yi masa haka yaranka za su yi, haka matasan unguwa da suka rako ku za su ninka. In ka ga fili ya fara ɗaukar zafi, an fara jifa ko shiga fili, ka tattara yaranka ku fita, maki uku ba su kai kan yaro ɗaya ba. Haka tafiya: kada a cusa yara goma a adaidaita sahu ɗaya don a rage kuɗin mota.

Tsakiyar kaka, wajen Janairu, za ka ga zuwa tirenin ya ragu, ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙura ta tashi. Masu asma su zo da abin shaƙarsu, ranar da hazo ya yi yawa a rage gudu. A lokacin ne kuma ƙorafin gwiwa da dunduniya ke yawa. In yaro ya nuna maka wani ƙullutu mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ba ƙarya yake ba, ba lalaci ba ne. Ciwon girma ne da likitoci ke kira Osgood-Schlatter, ƙashi ne ke tsawo jijiya tana jan sa. A rage masa tsalle da gudu har zafin ya lafa. Targaɗe kuma a sa ƙanƙara a cikin tsumma, a ɗaure, a ɗaga ƙafar, a huta. Kada a ja, kada a murza da man zafi a ranar. In yaro ya kasa taka ƙafar, ko wurin ya canja siffa, asibiti za a fara zuwa a ɗauki hoton ƙashi. Na san iyaye da yawa wurin mai ɗori za su nufa, kuma shawarar tasu ce, amma ka roƙe su a yi hoton tukuna, domin ƙarshen ƙashin yaro bai gama haɗewa ba, karaya a wurin in ta ɗoru a karkace ƙafar na iya girma a karkace.

Abu biyu ba a jira a kansu. In yaro ya bugu a ka, ya tashi yana jiri ko bai san inda yake ba, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke. In ya yi amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko ciwon kan ya ƙaru, a tafi asibiti nan take. In kuma yaro ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, numfashinsa ba daidai ba, ka ɗauka zuciya ce ta tsaya: a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Ba lokacin yayyafa ruwa da fifita ba ne. Samuel Okwaraji a fili ya faɗi ya rasu a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, yana sanye da rigar Najeriya. Kai da mataimakinka ku nemi horon taimakon gaggawa, Red Cross tana bayarwa. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro kuma a ba shi kwanaki ya murmure kafin ya koma gudu. Ka sa ido sosai kan abin da manyan yara ke miƙa wa ƙanana kafin wasa da sunan ƙarin ƙarfi. Tramadol ta shiga filayen unguwa, kuma daga ƙwaya ɗaya ranar wasa ake farawa.

In azumi ya shigo, mafi yawan yaranka za su ɗauka. Ku haɗu da sauran masu horarwa ku nemi a dakatar da gasar. Tirenin ya koma biyu a mako, minti arba'in, taɓa ƙwallo kawai ba gudu, a tashi da sauran lokaci kafin shan ruwa. Goman ƙarshe a huta gaba ɗaya. Bayan sallah kada ka jefa su wasa kai tsaye, ka ba su mako guda su dawo. Zafin Afrilu kuwa, da rana ke haura digiri 40 a Kano, ba a wasa da shi. Wasan ƙarfe biyu na rana ka ƙi shi, a buga da sassafe ko bayan La'asar sosai. Ruwa ya zama a bakin fili tun kafin a fara, a tsaya a sha a tsakiyar kowane rabi. A gasar kofin duniya ta 2014 an tsayar da wasan Holan da Meziko don manyan 'yan wasa su sha ruwa, balle yaran da wasunsu ko karin kirki ba su yi ba. Tsohuwar maganar nan cewa shan ruwa a tirenin yana kashe jiki, ka jefar da ita.

In Allah Ya ba ka yaro mai fice, kafin ƙarshen kaka wani zai zo da jaka da hotuna a waya, ya ce shi ejan ne, zai kai shi gwaji Turai ko Dubai in iyaye sun kawo kuɗin biza. Ka gaya wa uban yaron cewa dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da ba su shafi yaranka ba. Ahmed Musa ma, bayan ya ci ƙwallo 18 a lig da rigar Kano Pillars, da ya koma VVV-Venlo ta Holan a 2010 sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga musu. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun iyaye. Abin da zai amfane ku shi ne ku yi wa kulob ɗin da yaran rajista a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. A tsarin FIFA, kulob ɗin da ya raini ɗan wasa tun daga shekara 12 yana da haƙƙin kuɗin horo in ya zama ƙwararre, yana kuma da rabo a cikin kashi 5 cikin ɗari da ake warewa duk lokacin da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata. Amma sai sunan kulob ɗin yana cikin takardun yaron, da shekarunsa na gaskiya. Kulob ɗin unguwa da yawa sun raini 'yan wasa sun tashi a tutar babu saboda ba su rubuta komai ba.

Makonnin ƙarshe, in kuna cikin masu neman kofi, ka ƙara lokacin bugun kwana da firikik da fenareti, a nan ake cin wasannin yara da yawa. Ka nemi kofin da gaske, yara suna son ci kuma haƙƙinsu ne su so. Sai dai da yaran da ka fara za ka neme shi, har da wanda ya fi kowa rauni a ranar farko.

Bayan wasan ƙarshe, kofi ya zo ko bai zo ba, akwai sauran aiki na mako guda. Ka zauna da kowane yaro minti biyar a bakin fili, mataimakinka yana kusa, ka gaya masa abu ɗaya da ya ƙware a kai bana da abu ɗaya da zai yi ta gwadawa a jikin bango lokacin damina. Ka sake bin gidajen ka yi wa iyaye godiya, ka tambayi sakamakon makaranta. Waɗanda shekarunsu suka wuce 14, kai da kanka ka kai su wurin kocin 'yan ƙasa da 16 da ka yarda da halinsa, kada ka bar su su watse, kada kuma ka riƙe su baɗi da sabuwar takarda. Ka kai wa manyan unguwa littafinka su ga lissafin kuɗi, da sunayen da aka fara da su da waɗanda aka gama da su, da mintin da kowa ya buga. Kai kuma, tunda damina za ta ba ka sarari, ka leƙa ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ka tambayi yaushe za a yi kwas ɗin lasisin D na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, wanda shi ne matakin farko na masu horarwa, ka sa sunanka da na mataimakinka.